Kawun da ya san inda rauni yake

A cikin Mahabharata, doguwar waƙar Indiya mai kundi 18 da aka tsara da harshen Sanskirit, ba a cika tsine wa wani kamar Shakuni ba. Ɗan sarkin Gandhara ne, ƙasar da ke wajajen Peshawar ta yau. 'Yar'uwarsa Gandhari ce aka aurar wa Dhritarashtra, makahon sarkin Hastinapura, ta haifi 'ya'ya maza 100, babbansu Duryodhana. Wanda ya kalli shirin talabijin da B. R. Chopra ya fara fitarwa a 1988 zai tuna Gufi Paintal yana ɗingishi, yana juya ƙwayoyin caca a tafin hannu.

Akwai wani wuri a labarin da ba a yawan ambata. Lokacin da Duryodhana ya dawo daga Indraprastha, fadar 'ya'yan baffansa biyar, wato Pandawa, hassada na cin sa har yana zancen kashe kansa, maganar farko da Shakuni ya yi masa ta hankali ce: kada ya yi ƙyashin rabon wani, kuma ba zai iya da su a fagen yaƙi ba. Sai da ya ga yaron ya ƙi huce ne ya kawo dabara. Babban Pandawa, Yudhishthira, yana son caca, bai iya ta ba, kuma ba ya ƙin amsa gayyata. Nan Shakuni ya danna. Da aka buga cacar, Yudhishthira ya sarayar da dukiya, da ƙasa, da ƙannensa, da kansa, da matarsu Draupadi, aka jawo ta da gashi gaban dattawa suna zaune shiru.

Irin wannan aikin na yi, kuma na jima ina kiran sa taimako.

Bayan rasuwar mijin ƙanwata, ɗanta ya zo mini ransa a ɓace. Gani yake 'yan ubansa sun fi shi morar mahaifinsu tun yana raye. Ya ce, "Kawu, haka zan zuba ido?" Na ba shi haƙuri, na tuna masa cewa malamai za su raba gado bisa ƙa'ida. Ya ci gaba da zuwa, yana ramewa. Tausayinsa ya kama ni, sai na faɗa masa abin da na sani: babban yayansu ya taɓa karɓar rance wajen marigayin, ba shi da halin biya a lokacin, kuma mutum ne mai kunya wanda ba zai yi musu gaban manya ba. Na ce a tayar da maganar ranar taron dangi, a nemi ya biya nan take ko ya bar kasonsa na gida.

Haka aka yi. Bawan Allah ya sunkuyar da kai, ya ce ya bari. Ba mu yi ƙarya ba, bashin gaskiya ne, kuma da wannan na riƙa lallashin zuciyata. Amma na san marigayin da bakinsa bai taɓa matsa masa ba, na kuma san da an ba shi lokaci da ya biya. Kunyarsa, wadda ita ce mafi kyawun halinsa, ita na mayar makami.

Abin da ya fi tsorata ni game da Shakuni shi ne kusancinsa. Baƙo ba ya sanin raunin gida. Na ciki ne ya sani, kuma saboda ana yarda da shi ake jin maganarsa. Ƙaunar ɗan 'yar'uwa ba ta wanke shi ba. Sakamakon caca, Pandawa sun yi shekara 12 a daji da ta 13 a ɓoye, sannan aka gwabza kwana 18 a Kurukshetra. Sahadeva ya kashe Shakuni a ranar ƙarshe, Gandhari kuwa ta rasa 'ya'yanta maza duka. Wadda ya so ya ɗaukaka zuriyarta ita ta fi kowa kuka.

Mu ba a zubar da jini ba, amma zumunci ya tsinke. 'Yan uban suka daina taka gidan, ƙanwata ta rasa yaran da ta yi wa wanka da hannunta, ɗan nata kuma bai sami sanyin da yake nema ba. Hassada ce ciwonsa, gida ba ya maganin ta. Da na tsaya kan maganata ta farko, ko da zai yi fushi da ni, da na fi yi masa amfani.

Daga baya na je wajen yayan, na faɗa masa cewa shawarar tawa ce, ba ta ƙanensa ba. Ya ce, "Kawu, ai na sani tun ranar." Ya yafe mini. Maganar mayar masa da kasonsa tana gaban dattawa, ni ne kuma na kai ta.