Farfaɗo Da Tsohuwar Akori-kura

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya daɗe a ƙasar nan ya san motar nan ta ɗaukar kaya ƙirar Peugeot 404, wadda jama'a suka laƙaba wa suna akori-kura. A Faransa aka fara ƙera 404 cikin 1960, samfurin ɗaukar kaya ya biyo baya cikin 1967, sa'an nan cikin 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna. Tun daga nan da wuya a sami kasuwar ƙauyen da motar nan ba ta ci ba.

Akwai wani saurayi, manomin tumatir a ƙasar Kura, da ya gaji irin wannan mota wajen mahaifinsa. Ta shekara da shekaru a gindin darbejiya, kaji na ƙwai a cikinta. Ba shi da kuɗin sabuwa, kuɗin haya kuwa yana cinye masa riba, sai ya ƙudura zai tashe ta. Aka sauke inji aka gyara, aka like inda tsatsa ta ci, aka yi fenti, mota ta tashi. A buɗaɗɗiyar hanya lafiya lau take tafiya, amma da zarar ta shiga cunkoson Kano, kan hanyar kasuwar 'Yankaba, sai lagireto ya tafasa. Ga rana, ga tumatir ba ya jira.

To, mai karatu, ga dalilin wannan. Fankar irin waɗannan motoci fambel ke juya ta, watau ƙarfinta na bin gudun inji. In mota na gudu, iskar hanya ma ta isa ta sanyaya ruwa. In ta tsaya cikin cunkoso, babu iskar hanya, inji na juyawa a hankali, fanka kuma ta yi sanyin jiki daidai lokacin da aka fi bukatarta. Maganin wannan shi ne fanka mai aiki da lantarki, wadda ba ruwanta da gudun inji.

Saurayin nan ya sayo irin fankar nan guda biyu a Ƙofar Ruwa, ya kai wa wani dattijon bakanike, ya ce, "Baba, a ɗaura mini su yau." Dattijo ya buɗe gaban mota ya duba, ya ce, "Ɗana, ka ƙaro baki a gida, amma ba ka ƙaro hatsi ba. Wa zai ciyar da su?"

Gaskiyar dattijo. Motar tana cikin na farko-farko, masu zuwa da dinamo, shi ne abin da ke cika batir. Dinamo, in ya yi iyakar ƙoƙarinsa, bai cika wuce amfiya 30 ba, in kuwa inji na juyawa a hankali, kusan ba ya ba da kome. Fanka biyu kaɗai suna iya shan amfiya 20 ko fiye, ban da fitilu da wutar inji. Ashe ke nan cikin cunkoso batir ne zai ɗauki nauyin duka, har ya ƙare, mota ta mutu a tsakiyar titi. Saboda haka aka cire dinamo, aka sa altaneta mai amfiya 70, domin ita tana ba da wuta ko inji na tafiyar hawainiya.

Amma fa aikin bai tsaya nan ba. Da fari dattijo ya sa aka wanke lagireto, aka fid da laka da tsatsar da ruwan rijiya ya tara, gama fanka, kome ƙarfinta, ba ta sanyaya ruwan da ba ya gudana. Sa'an nan ya canja wayar da ta taso daga altaneta zuwa batir, ya sa mai kauri, don siririyar waya in wuta ta yi mata yawa zafi take ɗauka, har ta kai ga gobara. Ya sa fis kusa da batir. Ya sa makunni a jikin lagireto, wanda ke ta da fanka da kansa in zafin ruwa ya kai wajen digiri 90, ya kashe ta in ya sauka. Ya kara takarda gaban lagireto don ya tabbata fanka na jawo iska zuwa wajen inji, ba tura ta waje take yi ba. Daga ƙarshe ya auna batir: inji a kashe bolt 12 da rabi, inji a kunne wajen bolt 14. Da ya ga haka sai ya ce, "Madalla, yanzu gida ya ƙoshi."

Kafin su rabu ya yi masa gargaɗi uku. Kada ya manta da fambel, domin har yanzu shi ke juya famfon ruwa da altaneta. Kada ya buɗe murfin lagireto da zafinsa, don tafasasshen ruwa na iya watsuwa ya ƙona fuska. Kada kuma ya sa hannu kusa da fanka sai ya cire kan batir, gama tana tashi ba sallama.

Abin lura a nan shi ne, kayan mota kamar mutanen gida ɗaya suke, in ka taɓa ɗaya ka taɓa saura. Wanda ya sauya abu guda bai tambayi abin da zai ɗauki nauyinsa ba, gyaran gangar auzinawa ya yi, kuma kuɗin da ya guje wa yau zai biya ninkinsa ran da inji ya ƙone. Kai da ka iya karatu, ka fi wanda bai iya ba sa'a, domin akan rubuta ƙarfin altaneta a jikinta, akan rubuta na fis a kansa. Karanta kafin ka biya, ka tambayi masu sani kafin a ɗaura. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya kiyaye mu a kan hanya, amin.