Birkin Akawal Lafiyarsa Ƙalau

Shekara goma sha bakwai na yi ina ba da labarin haɗarin da na yi a hanyar Gazawa, kuma duk inda na ba da shi, a majalisa ko a tasha ko a gidan surukai, sai na ce birki ne ya ƙi kamawa. Ƙarya nake yi. Birkin motar nan lafiyarsa ƙalau. Ni ne na zo da gudun da babu birkin da zai tare shi a ɗan filin da ya rage mini.

Son mota ya kama ni tun ina ɗan lakwal a Aguié. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram ta ratsa garinmu, to mu yara in an tashi daga karatu sai bakin gudron. Wasanmu shi ne canki-canki: kafin mota ta ɓullo, kowa ya faɗi irinta da jin kukanta kawai. Berliet daga nesa take sallama, tana nishi kamar raƙumin da aka yi wa lodi ya wuce kima. 404 tana da ɗan kaushin murya, 504 kuwa a lallaɓe take zuwa. A garejin da nake raɓewa akwai hoton da aka yago daga wata mujalla aka manna a bango: Peugeot 205 rawaya tana tashi sama a kan tudun rairayi. Ita ce motar da Ari Vatanen, mutumin Finland, ya ci tseren Paris-Dakar da ita a 1987, lokacin da tseren yake bi ta Tenere da Agadas. Shekara huɗu a jere Peugeot tana cinye shi, har 1990. Mu da muka saba ganin Fijo da awaki a kan rufi sai muka ɗauka jini ɗaya ne da tamu. Ba mu yi kuskure sosai ba ma, don 504 ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna.

Da na bar lakwal na yi shekara huɗu ina yaron mota wajen wani dattijo mai 504 doguwa, yana jigila tsakanin Maraɗi da Damagaram. Ban taɓa ganin allurarsa ta wuce 90 ba. Yakan sauya giya ba tare da shayin da ke hannun fasinja ya motsa ba. Kullum maganarsa ɗaya: "Yaro, ido na hanya ne. Mota da kunne ake tuƙa ta, da kuma mazauni." A gabansa in ce "To, Baba." A bayan idonsa ni da sauran yaran tasha hawainiya muke ce masa.

Shi ya fara warware mini zancen dawaki. Na ga takardar motar an rubuta doki 11, na ce ashe ƙarfinta bai taka kara ya karya ba. Ya yi dariya ya ce waɗannan dawakin gwamnati ne, da su ake yanka haraji, na cikin injin sun haura casa'in. Daga baya na karanta cewa James Watt ne ya kawo wannan awo don ya nuna wa masu saye yawan dawakin da injinsa na tururi zai maye gurbinsu, kuma a lissafin Faransa doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Amma bayanin tsohon ya fi zauna mini. Ya ce ƙarfin inji iri biyu ne, akwai na sa akwai na doki. Na sa shi ne wanda ke murɗa ƙafa tun injin bai ɗaga murya ba, shi ke fitar da kai daga rairayin Gulbin Kaba da buhu goma a baya. Na doki sai inji ya yi sama yake zuwa, shi ke riƙe gudu in an miƙe. "Mu talakawa sa muke nema," in ji shi. "Doki na ranar hawan salla ne."

Ni kuwa doki nake so.

Aya ce ta saya mini shi. Ƙasarmu, daga Tchadoua zuwa Aguié har Gazawa, ƙasar aya ce, na shiga sarinta ina kaiwa Najeriya, shekara biyu a jere kasuwa ta yi mini kyau. A 2003 na sayi 505 GTI 'yar Kwatano a Maraɗi, baƙa wuluk, abokai suka sa mata suna Akawal. Injinta lita 2.2, doki 130, giya biyar, ba kafireto gare ta ba, allura ke fesa mata mai. Ita ce ƙirar Peugeot ta ƙarshe da ƙafafun baya ke turawa, kuma wanda ya tuƙa irinta ya san bambancin. Motar da ke ja da gaba kamar an kama ka da riga ana jan ka ne. Wannan kuwa tafin hannu ne a gadon bayanka, sitiyari ya zauna sakayau ba abin da yake yi sai nuna hanya.

Ba zan yi munafunci in ce babu daɗi ba. Akwai, kuma har gobe ban tuba da shi ba. Ka fito bayan sallar asuba a watan sanyi, hanya fayau, iska mai sanyi ta sa inji ya buɗe ƙirji. Ka bar ta a giya ta uku ka taka a hankali. Wajen juyi dubu uku muryarta takan sauya, daga gunaguni ta koma wani kuka siriri mai tsabta, kujera ta manne maka a baya. Ka kai hannu ka jefa ta huɗu daidai lokacin da take nema, ta karɓa ba gardama. Itatuwan gawo, da ke kore shar a rani sa'ad da kome ya bushe, suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Babu kowa a motar, babu wanda ya gan ka. A irin wannan safiya ko 110 ba na kaiwa, kuma nakan sauka raina fes kamar wanda ya yi wanka.

Abin da ya lalata ni wani daɗin ne daban, na bakin mutane. A teburin mai shayi aka fara tambayata, "Yau minti nawa daga Maraɗi?" Tafiyar kilomita wajen 80 da mutane ke yi a awa ɗaya da 'yan mintuna, ni sai in faɗi abin da zai sa a riƙe baki. In za a ɗauko amarya Akawal ake nema ta ja gaba, in zo ƙofar gida in murza ta ta juya a ƙura, 'yan mata na guɗa. Sannu a hankali na daina sauraron injin, idona ya koma kan allura. Tsohon maigidana ya tare ni rannan a tasha, ya zagaya motar, ya duba tayoyin baya da suka sha ƙasa. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Allah ya tsare," ya tafi. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A watan Disamba na 2005 abin ya faru. Duk mutumin jihar Maraɗi ya san wace shekara ce wannan. Fari da fara sun cinye amfanin 2004, damina ta riski mutane rumbu wayam, aka sayar da dabbobi a wulaƙance don a sayi tiyar hatsi. Wanda ya fito daga wannan shekara da shanun amalankensa biyu a raye, to ya hana cikinsa ne ya ba su.

Kwana biyu kafin ranar na kai motar wani gareji a Maraɗi aka sauya mata takalman birki. Wani yaro ɗan shekara sha shida ya yi aikin, ina tsaye a kansa, ya ɗaure kome ya fitar da iska. Ranar kuma na taso daga Gazawa gab da magariba na fuskanci yamma, rana a cikin idona, hazo ya sauko. Wata Toyota ta wuce ni, abokin da ke gefena ya ce, "Au, yau Akawal aka yi wa haka?" Shi ke nan. Na wuce Toyotar, ban kuma ɗaga ƙafa ba. Allura na kan 160 na hango abu kamar bukka yana tsallaka kwalta. Amalanke ne an yi masa lodin kara.

Lissafin da ban yi ba a lokacin, na yi shi sau dubu daga baya. A 160 mota na cin mita 44 a kowace daƙiƙa, kafin ƙafarka ta bar totur ta sami birki ka riga ka shafe rabin filin ƙwallo. Kuma in ka ninka gudu, nisan tsayawa ba ninki biyu yake yi ba, huɗu yake yi. A 80 da na tsaya har in leƙo in yi wa mai amalanken tsiya. Na taka birki iya ƙarfina, ya kama, ƙafafu huɗu suka ƙulle, motar ta tafi da ni tana ihu a kan kwalta har ta sami san da ke dama.

Yaron da ke kan amalanken ya faɗa cikin kara, hannunsa ya karye, Allah ya yi da sauran kwanansa. San kuwa yana kwance ƙafafun gaba a kakkarye, yana ƙoƙarin tashi. Abin da kunnena ya riƙe har yau shi ne muryar wani yana gudu yana cewa, "Wuƙa! A kawo wuƙa kar ya yi mushe!" Nan bakin hanya aka yanka shi. Mai shi ya iso, dattijo ne siriri da rawani ya koɗe. Ya duba ɗansa, ya duba san, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, kai dai ba ka ji ciwo ba ko?"

Na ce, "Baba, birki ne ya ƙi."

Ban shirya ta ba, fitowa kawai ta yi. Duhu ya rufe zanen tayar, aka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. A gaban mai gari aka sasanta, na biya kuɗin sa da na ɗorin yaro. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma ƙarya tana son mai ɗaukar kaya, sai washegari na tafi garejin nan na tara jama'a ina ihu an so a kashe ni. Mai garejin ya ciro bel ɗin fanka ya hau yaron da duka a gabana, yaron na cewa, "Wallahi maigida na ɗaure, a duba a gani." Ba wanda ya duba. Aka kore shi a ranar. Ni kuma na tafi ina huci kamar mai gaskiya.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Nawa dai ya yi zurfi, don har ni kaina na fara ganin ƙafata tana nutsewa a birkin da babu kome. Na sayar da Akawal a yadda take. Na tuƙa motoci da yawa bayanta, har V8 ta wani abokin kasuwanci, mai injin gazuwal lita 4.5, wadda ta ninka Akawal ƙarfi. Gilashi a rufe, sanyi na busawa, kana 130 kamar kana zaune a falo. Ban ji kome ba.

A farkon 2023 ina hanyar Konni da wata tsohuwar Corolla, na sha man ruwa-ruwa a kwalba kafin in fita Maraɗi. Ina wuce Tsibiri ta fara shaƙewa, da lallami na kai ta Gidan Rumji. Aka nuna mini rumfar wani makaniki. Mutum ne mai shekara talatin da 'yan kai, da yaransa uku. Ya ce in bar ta a kunne. Ya ɗauki doguwar sukundireba ya dafa bakinta a kan injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Can ya ɗago, ya dube ni da kyau.

"Maigida, ina Akawal?"

Jikina ya yi sanyi. Na ce ya sallami yaran tukuna. Muka zauna a kan benci, na fara kame-kame, ya katse ni. Ya ce bayan an kore shi da kwana uku ya ranci kuɗin mota ya je wurin da kansa. Ya tarar da layi biyu baƙaƙe a kan kwalta, ya bi su da ƙafa yana ƙirgawa, taku casa'in da wani abu. "Motar da ba ta da birki ba ta rubutu a ƙasa, maigida."

Na ce to me ya hana shi faɗa?

"In faɗa wa wa? Aparanti da mai mota?"

Na ce ya yafe mini. Ya daɗe yana goge hannunsa da tsumma kafin ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ce shekara biyu ya yi babu garejin da ya karɓe shi a Maraɗi, shi ya sa ya dawo garin kakanninsa. Ba da ɗaci ya faɗa ba, kuma bai ce ya wuce ba. Sai kuma ya yi murmushi ya ce shi ma yana da nasa laifin: ranar da ya gyara birkin, da na tafi masallaci, ya saci fita da ita ya gwada. "Giyarta ta uku nan, maigida. Har yau ban sake jin irinta ba."

Ya wanke matatar mai, ya sauya buji ɗaya, ya faɗi kuɗinsa cif bai rage mini ko dala ba, na biya. Sannan ya ce in koma gefe zai gwada ta. Muka hau kwalta muka nufi yamma. Ya tsayar da ita a 70, ya sauke gilashi, ya karkatar da kansa wajen injin, hannu ɗaya a kan giya. Na buɗe baki zan ƙara wata magana, ya ɗaga mini yatsa.

"Dakata, maigida. Ina sauraro."