Takardar cinikin bindiga, nan Amurka da can Gagarawa Tasha

A nan jihar Teksas, mutum kan sayar wa maƙwabcinsa bindiga a ƙofar gida, a yi musabaha, shi ke nan. Dokar tarayyar Amurka mai shagon bindigogi kawai ta tilasta wa rubuta sunan mai saye, a takarda mai lamba 4473. Wasu jihohin sun ƙara ƙaimi: Ilinoi ta ce mai sayarwa ya adana bayanin cinikin shekara 10, Kalifoniya kuwa ta ce sai an bi ta hannun mai shago. Masu ƙin rubutun, gwamnati suke tsoro, kada wata rana ta bi sunaye ta karɓe makamai. Shi ya sa tun 1986 doka ta hana gwamnatin tarayya tara rajistar masu bindiga.

A Gagarawa Tasha ma ba a rubutawa, amma dalilinmu daban. Maharbi in zai rabu da adakarsa, Sarkin Baka ya sani, maƙerin da ya ƙera ta ya sani, an san mai saye har kakansa. Idon jama'a shi ne takardar. Ga kuma tsoro: dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana miƙa bindiga ga wanda ba shi da lasisi, kuma a 2023 Babban Sufeton 'yan sanda ya dakatar da bayar da sabon lasisin. Wanda ya rubuta ciniki, ya rubuta wa kansa shaidar laifi ke nan. Bindigar maƙera ma ba ta da lamba, balle a ce ga wadda aka sayar.

Abin da ke damuna, idon jama'a ba ya tsallake iyaka. Maigatari tana nan kusa, Nijar na bayanta. Ran Alhamis a kasuwar Maigatari, saniya ba ta sauya hannu sai da dillali da shaidu, don gudun kayan sata. Bindiga kuwa sai ta wuce hannu uku ba wanda ya san inda ta kwana, ranar da aka yi ɓarna da ita a dawo kan mai ita na farko, ba shi da abin nunawa.

Ni ina bayan rubutun. Amma sai hukuma ta buɗe wa maharba da 'yan sintiri hanyar lasisi tukuna, a buga wa kowace adaka lamba, littafin cinikin ya zauna wurin dagaci da sanin 'yan sanda, a riƙa sa sunan mai saye da shaidu biyu.