Ƙwayar Baba da Kumburin da Ba a Gani

Shekara tara ke nan tsohon malamin makarantar yana haɗiye ƙwayar amlodipine guda, mai miligiram 5, bayan sallar asuba, saboda hawan jini. Abin da ya sauya a bana shi ne mantuwa. 'Yarsa da ke aiki a Kaduna takan zo ƙarshen mako, ya tambaye ta ko ta iso lafiya har sau uku a zama ɗaya. Da ta karanta cewa irin maganinsa yana kwantar da kumburin ƙwaƙwalwa, sai zuciya ta raya mata a ninka masa.

Tunanin nata yana da tushe. Magungunan wannan dangi suna toshe ƙofofin da sinadarin kalsiyam ke bi ya shiga ƙwayoyin halitta. Idan kalsiyam ya ragu a tsokar jijiyoyin jini, sai su saki, jini ya sauka. Akwai irin waɗannan ƙofofi a ƙwaƙwalwa, inda kuma wasu ƙwayoyin tsaro suke, maikurogiliya, waɗanda masanin Sifaniya Pío del Río Hortega ya bayyana a 1919. Aikinsu kwashe tarkace da yaƙar cuta, amma idan suka daɗe a harzuƙe sai su riƙa fitar da sinadaran da ke lahanta ƙwayoyin da suke gadi. Wannan ne kumburin da ake nufi, kuma ana samun sa a cutar mantuwa ta Alzheimer da cutar karkarwa ta Parkinson. A gwajin ɓeraye, wasu masu toshe kalsiyam sun rage shi.

Da aka zo kan mutane, labarin ya sha bamban. A Turai an gwada nilvadipine kan mutum 511 masu Alzheimer tsawon wata 18. Sakamakon 2018 ya nuna bai rage saurin cutar ba. A Amurka da Kanada an gwada isradipine kan mutum 336 masu Parkinson tsawon shekara uku. Sakamakon 2020 ma haka. Nimodipine yana da amfani tabbatacce ga wanda jini ya zuba a kewayen ƙwaƙwalwarsa, na kwana 21 a hannun likita, ba don mantuwa ba. Shi kuwa amlodipine ba ya ma shiga ƙwaƙwalwa sosai. Ninka shi ba da izinin likita ba yana iya jawo jiri, kumburin ƙafa da faɗuwa, faɗuwar tsoho kuwa ba ƙaramin abu ba ce.

Duk da haka ƙwayar tana kare ƙwaƙwalwar mahaifinta ta wata hanyar. Hawan jini yana lalata ƙananan jijiyoyinta a hankali, yana kawo shanyewar ɓarin jiki da wani nau'in mantuwa. Binciken da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda aka wallafa a 2019, ya gano cewa haɗin magani mai amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata.

Ba ta ninka ba. Ta kai shi wurin likita a duba mantuwar, ta sayi na'urar awon jini, ta damƙa wa ƙanenta littafin rubuta sakamako kullum. Da za ta koma Kaduna, tsohon ya riƙo hannunta.

"Uwata, kin iso lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."