Kogin Chike da Kogin Ɗalibaina

Kafin in koma jami'a neman digiri na biyu, na yi shekaru ina koyar da Ingilishi da adabi a wata ƙaramar sakandare a Birnin Kebbi, daga baya aka mayar da ni Argungu. A rajista ɗalibaina duk 'yan aji biyu ne, amma a gida kowa da harshensa. Akwai Kabawa da Arawa masu Hausa, akwai Fulani, da Zabarmawa, da 'ya'yan ma'aikatan da suka taso daga Zuru da C'lela a bakinsu. Hausa ce ke haɗa su a filin wasa. Ingilishi kuwa a kan allo kawai suke gamuwa da shi.

Littafin da na zaɓa mana shi ne Chike and the River na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1966. Labarin yaro ne da ya koma Onica wurin kawunsa, ya ƙwallafa rai sai ya tsallake kogin Neja zuwa Asaba, alhali ba shi da kuɗin fito. Yadda aka koyar da ni, haka na koyar. Na rubuta ma'anar jigo da salo da tauraro da Ingilishi, suka kwafa, suka haddace. Ranar gwaji suka mayar mini da kalmomina cif, amma da na tambayi dalilin da ya sa Chike ya nace, sai takardu suka dawo fayau. A lokacin ina cikin malaman da ke cin tarar yaro idan ya yi harshen gida a aji, kuma ina ganin gata nake yi masa.

A Argungu ne wani yaro ɗan masunta, wanda bai taɓa ɗaga hannu ba, ya karya dokar. Muna cikin karatu ya ce, "Malam, ai wanga yaro ba ruwa yaka so ba, so shikai a ce ya girma." Aji ya yi tsit, ana jiran hukunci. Ni kuwa na tsaya riƙe da alli, domin jigon da na kwashe makonni ina nema a takardunsu ga shi ya fito a jimla ɗaya. Yaron ya san abin da yake faɗa. Ya tashi yana kallon manya suna faɗawa Matan Fada da homa da gora a bikin kamun kifin da ake dangantawa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma ya san ranar da yaro ya fara shiga ruwa tare da su, kallon da ake yi masa ya canza.

Daga ranar na sauya tsari. Nakan raba su rukuni-rukuni, su tattauna babi da harshen da ya fi musu sauƙi. Kafin in ambaci kamance da Ingilishi, sai kowa ya kawo karin magana ko kirari daga gidansu, mu zaƙulo abin da aka kwatanta da abin da aka kwatanta shi da shi. Wata yarinya Bafulatana ta bayyana mana mutuntarwa da yadda kakarta ke yi wa saniya magana. Bayan haka ne muke komawa rubutu, kuma nan Ingilishi ne zalla: jimla ɗaya ta ra'ayi, jimla ɗaya ta hujja daga littafi, jimla ɗaya mai ɗaure su. Sakin layi guda a mako, a gyara, a sake.

Hanyar tana da tsada. Tana cin lokaci, manhaja ba ta jira, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare kuma da Ingilishi ake yin ta. Wani uba ya same ni ya ce Turanci ya kawo ɗansa ya koya, Hausa akwai ta a gida. Ban ga laifinsa ba, don makomar ɗansa yake tsoro. Akwai kuma abin da ya fi damuna: da na buɗe ƙofa, Hausa ce ta cika ajin, 'yan Zuru da Zabarmawa suka sake komawa gefe. Sai da na riƙa neman su da gangan, su kawo misali da harshensu su fassara mana.

A karatuna na yanzu na tarar Farfesa Babs Fafunwa ya gwada koyar da 'yan firamare da Yarbanci na shekara shida a Ife tun 1970. Ajina ya sha bamban da nasa, domin harsuna huɗu ne ko biyar a ɗaki guda, amma darasin ɗaya ne: yaro yana iya nazari tun kafin ya mallaki harshen da za a auna shi da shi.

Sakin layin da ɗan masuntan ya rubuta a ƙarshen zango yana nan cikin jakata. Kurakuran nahawu sun fi goma, amma akwai ra'ayi, akwai hujja. Har yau nakan tuna yara nawa na ci tara kafin shi, ban tsaya na ji abin da suke son faɗa ba.