Inshora da Harshen Mai Asara

Kalmar “inshora” ta daɗe a bakin Bahaushe, amma a tasha ta fi zama: takarda ce da direba ke miƙa wa jami’in hanya don ya wuce. Abin da al’ada ta tanada idan musiba ta auka wa jama’a shi ne jaje da gudummawa. Ana zuwa a ce “Allah ya mayar da alheri”, a ba da abin da ya sawwaƙa, babu mai tambayar rasit.

Na ga inda al’adar nan ta yi karo da takarda bayan gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna. Kawuna na cikin ’yan tsirarun da ke da inshora, shi ma don bankin da ya ba shi rance ne ya gindaya masa sharaɗin. Da yake komai da Turanci aka rubuta, sai na zama tafintansa.

Kamfanin ya nemi rahoton ’yan kwana-kwana da na ’yan sanda, da jerin kayan da suka ƙone, da shaidar sayensu. A nan gizo ke saƙa. Littafin shago ya ƙone tare da hajar, kuma galibin kayan a bisa amana aka karɓo su, sai an sayar a biya. Ga ɗan kasuwa, shaidar maƙwabtan rumfa ta wadatar. Mai ƙiyasin asara da kamfanin ya turo kuwa ya saurare su cikin ladabi, bai rubuta ko kalma ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni wuyar fassarawa shi ne ƙa’idar ragi. Idan kayan mutum sun kai naira miliyan 6, ya yi musu inshorar miliyan 3, wuta ta ci na miliyan 4, to miliyan 2 za a ba shi, domin a lissafinsu shi ya ɗauki rabin haɗarin da kansa. Sau uku ina maimaita bayanin. Kawu ya ce, “Ɗana, wannan ai ba su faɗa ba ranar da suka karɓi kuɗina.” Yana nan a rubuce, a harshen da ba ya karantawa.

Ita kanta kalmar “diyya” da kafofin labarai ke amfani da ita tana ɓatar da mai sauraro. A fiƙihu tana tafiya da jini da rauni, da wanda ya jawo su. Kamfanin inshora kuwa bai kunna wuta ba. Alkawari ya ɗauka, saboda haka “lamuni” ya fi kusa da ma’anar, a ganina. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa’idojin takaful a 2013, abin da ya rage wa mutane damuwar riba da garari, sai dai bai taɓa matsalar harshe ba. Wanda ya riƙe takardar gobara zalla a Maiduguri, ranar da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ba lalle ne ya san cewa ambaliya sharaɗi ne da ake ƙarawa daban ba.

Mu manazarta Hausa mun samar wa nahawu da adabi keɓaɓɓun kalmomi, har aka buga ƙamusunsu a 1990. Kalmomin da ake cin dukiyar mutum ko a cece ta da su kuwa mun bar wa dillalai. Bayan watanni aka kawo wa kawu takardar ƙarshe, wadda sa hannu a kanta ke rufe da’awa baki ɗaya. Shi ya ɗauka rasit ce ta kason farko. Na ce masa takardar sallama ce, ya daɗe yana juya biro kafin ya sa hannu.