Kuyello: Ranar Da Na Bi Yaya Harbin Kurege

Yau ba zancen kwalliya ko girki na zo mana da shi ba, yawo za mu tafi can garin kakannina na wajen uwa, wato Kuyello, a gabashin ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna, kusa da iyakar Katsina.

Farkon zuwana da wayona a hutun Disamba ne na 1996, ina aji uku a sakandare. Daga Zariya muka bi ta Funtuwa, muka isa da la'asar, ƙurar hunturu ta mai da ni fara fat kamar an tono ni daga rami. Wanda ya fara yi mini dariya shi ne ɗan kawuna, abokin wasana, wanda nake kira Yaya.

"'Yar birni, ashe haka kuke komawa in kun bar hoda?"

Na ce, "Kai dai Yaya ka ji da kanka, baƙauye kawai."

Yaya yana da wata bindiga da ake ce wa bindigar iska. Ba ta aiki da albarushi irin ta maharba. Karya ta ake yi a tsakiya, a saka ɗan harsashin dalma wanda bai fi ƙwayar dawa ba, a mayar a rufe. In an ja kunama, wani ƙarfe mai naɗi da ke cikinta ne yake tunkuɗa iska, iskar ta fitar da harsashin. Ƙararta ba ta wuce "tas!" kamar an karya kara, kuma in abu ya wuce taku talatin da wuya ta kayar da shi. Tsuntsaye da kurege kawai take yi wa aiki.

Shi kuwa kurege, kada ki gan shi ɗan ƙarami da farin layi a haƙarƙari da jela buzu-buzu ki ce abin tausayi ne. Tambayi manomi ki sha labari. Da damina yakan bi shuka ya tone irin gyaɗa rami-rami, da kaka kuma ya riga mai gona girbi. Ba a banza tatsuniya ta ba shi wayo ba.

Na dame shi da naci sai da ya yarda na bi shi. Inna ta ce, "To, ban da nisa, ku dawo kafin azahar." Muka fita da hantsi, don kurege ba ya fitowa sai rana ta ɗan yi ɗumi. Muka wuce 'yan mata suna roron gyaɗa, muka ratsa ƙarƙashin kaɗanya da ɗorawa, har inda gonaki suka ƙare itatuwan doka suka fara. Can gindin wani suri Yaya ya nuna mini rami da ɓawon gyaɗa a bakinsa, ya ce in zauna, kada in ko yi tari.

Ke dai bari! Ni da bakina ba ya hutawa, sai ga ni shiru kusan rabin awa, cinnaka na cizona ba halin motsi. Can sai ga gogan ya leƙo, ya fito, ya miƙe a kan ƙafafun baya yana dube-dube kamar mai jiran baƙo. Yaya ya yi bisimilla ya harba, ya ruga da wuƙa ya yanka shi kafin rai ya fita. Na yi ƙwalla, ya yi ta tsokanata. Da dare kuwa da aka babbake shi aka gasa da yaji, ni ce na fi kowa miƙa hannu.

A lokacin abin da ake tsoro a daji bai wuce maciji ba. Gargaɗin Kawu guda ɗaya ne, kada a yi harbi a gandun gwamnati na Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999.

Sai zamani ya juya. Abu ya faro daga satar shanu, har a 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin Kamuku suka haɗa kai aka tura sojoji. Daga nan aka koma satar mutane da ƙona ƙauyuka. Gonaki na nesa suka gagari masu su, hanya ta zama sai da addu'a. Na fi shekara goma ban taka Kuyello ba, har Inna ta rasu ban je gaisuwa ba, abin da yake cina har gobe.

Bayan sulhun da gwamnatin Kaduna ta yi a Nuwamba 2024, aka sake buɗe karar shanu ta Birnin Gwari, sai na yi ƙunar baƙin wake na tafi a 2025. Na tarar da Yaya da furfura a gemu. Bayan an yi kuka an yi gaisuwa, na ce, "Yaya, ina bindigarka?"

Ya kai ni bayan rumbu, ya tono wani buhu. Ga ta nan ta yi tsatsa, ko karyuwa ba ta yi. Ya ce shi da kansa ya binne ta, don a waɗancan shekaru duk wanda ya hango ka da abu mai kama da bindiga, ɗan daji ne ko jami'in tsaro, ba zai tsaya tambayar ta iska ce ko ta wuta ba.

'Yarsa mai shekara goma sha huɗu tana tsaye tana saurarenmu, sa'ar da yawa daga cikinku. Karatunta ya tsinke ya fi sau nawa, kuma ba ta taɓa zuwa wurin surin nan ba, alhali daga ƙofar gidansu ba ya kai tafiyar awa guda. Ta ce, "Goggo, wai da gaske ke kin shiga dajin nan, kuma ba abin da ya same ki?" Wallahi na rasa amsar da zan ba ta.

Washegari muka je gona ta kusa mu uku. Wani kurege ya gilma a guje da jelarsa a miƙe, yarinyar ta yi ihu tana tafi, Yaya kuma ya ce, "Ci rabonka, bana dai mun yi shuka mun girbe."

'Yar'uwa, ke da kike ɗaukar jaka ki tafi makaranta ki dawo ba fargaba, ki gode wa Allah, ki riƙe karatunki da kyau. In kin idar da salla kuma ki sa 'yan matan Kuyello a addu'a, Allah Ya zaunar da ƙasarsu lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.